Yadda muka haɗa wa tsohuwar Hilux fankar lantarki ba tare da dairek ba

Motar akori-kura ce, Toyota Hilux mai injin fetur 22R, irin waɗanda har gobe suke jigilar buhuna daga Dawanau zuwa cikin gari. A buɗaɗɗen titi lafiyarta ƙalau, allurar zafi tana tsakiya ba ta motsi. Amma da ta faɗa cunkoson Bata ko na Kantin Kwari da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, sai allura ta kama hawa har ta doshi ja. Motar da take zafi a tsaye kuma ta huce a guje, iska ce ba ta ishe ta ba. Da a guje take tafasa, da lagireto za mu fara zargi, ko famfon ruwa, ko gaskit. Fankar asali tana ɗaure ne a bakin famfon ruwa, fambel ke juya ta, saboda haka a silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, ita ma a hankali take juyawa. Ga shi kuma kulocinta, wanda yake sa ta kama juyi da ƙarfi idan injin ya yi zafi, ya zubar da mansa: a kashe injin da zafinsa, a tura fiffiken da yatsa, sai ya yi ta juyi babu tirjiya.

Kafin mu taɓa waya ko ɗaya, sai da muka tabbatar ɓangaren ruwa ba shi da laifi, domin fanka ba ta gyara lagireton da ya toshe. An sauke shi an buɗe an wanke, aka fitar da farin dutsen da ruwan rijiya da na burtsatse suke bari a cikin bututu. Ta waje kuma ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta zama taɓo a tsakanin haƙarƙarinsa, aka wanke daga baya zuwa gaba. Murfin lagireto muka canja da sabo mai lambar matsi 0.9 a ma'aunin bar, wanda yake riƙe ruwa kada ya tafasa sai wajen digiri 118. Da muka buɗe gidan tamostat, wato ƙofar da take tare ruwa kada ya tafi lagireto sai injin ya yi zafi, wayam, an cire tun da daɗewa, kamar yadda ake yi wa mafi yawan motocin garin nan. Muka mayar da mai digiri 82. Wannan ba zaɓi ba ne a wurinmu: duk lissafin lokacin da fanka za ta tashi da lokacin da za ta tsaya, a kan tamostat aka gina shi.

Mai motar ya ce, "Malam, a haɗa mini dairek kawai, da na murɗa makulli ta tashi." Haka kusan kowa yake nema, kuma haka ake yi a gareji da yawa: a jawo waya daga bayan makulli a kai wa fanka, a naɗe da salatif, an gama. Ba mu yarda da wannan haɗin ba, kuma dalilan a fili suke. Makullin mota ba a yi shi don ɗaukar amf 20 ko 25 a kai a kai ba. Bayan wasu watanni tagullar cikinsa ta ƙone, robar bayansa ta narke, mota ta fara mutuwa a kan hanya ba a san dalili ba. Fankar da take juyi daga safe zuwa dare gawayin da yake cikinta, wanda wuta take bi, yana cinyewa da wuri. Duk lokacin tayar da mota tana rabon wuta da kik. Da asubar hunturu, idan an cire tamostat, injin ba ya kai zafin aikinsa, yana shan mai yana cin jikinsa. Akwai kuma wani abin da yake ruɗa mutane: a kashe makulli, injin ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Fankar ce, tana kan juyi, ta koma tana haifar da wuta tana mayar wa kwayil ɗin wutar injin ta wayar da aka haɗa su.

Fankar mun samo ta a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa, 'yar Beljiyam, tagwaye a cikin gidansu na roba, daga wata ƙaramar motar Japan. Mun tafi da awon faɗi da tsayin fuskar lagireto, da kuma tazarar da ke tsakaninsa da hancin famfon ruwa. Wannan tazarar ita ce take kayar da mutane. Fanka ɗaya babba motarta, wato ɗan injin lantarkin da yake juya ta, tana faɗowa daidai saitin hancin famfo, sau da yawa ba ta shiga. Tagwaye kuwa hancin yana zama a tsakanin motocin biyu. A bar aƙalla santimita 2 tsakanin fanka da duk abin da yake juyi, domin injin yana rausaya a kan kujerunsa, balle idan sun tsufa. Gidan fankar ma ba ado ba ne. Shi yake tilasta iska ta ratsa dukkan lagireton. Fanka tsirara da'irar da take gabanta kawai take sanyayawa, sauran iskar ta gefe take zagayowa.

A wurin mai kaya muka gwada ta a kan batir da mitar da ake maƙalawa a waya, mai karanta wutar batir. Kowace ɗaya ta zauna a kan amf 11, amma a daidai tashi takan ja ninki biyu zuwa uku na ɗan ƙiftawa. Kada a gwada da ƙaramar mita ta hannu, iyakarta amf 10, fiyus ɗinta zai tafi nan take. A girgiza fiffike a ji ko yana da wasa, a saurari ƙara. Fankokin sababbin motoci masu ɗan akwatin kwamfuta a jiki da siririyar waya ta uku, a bar su. Suna jiran umarni ne daga kwamfutar injin, wadda Hilux ɗin nan ba ta da ita. Mai waya biyu ake nema.

Cire fankar asali noti 4 ne, amma su ne kuma suke riƙe da fulin famfon ruwa. Dole a mayar da su da wasa a ƙarƙashinsu a ɗaure tamau, in ba haka ba fuli ya kwance a hanya, fambel ya fita, caji da famfo su tsaya lokaci ɗaya. Sabuwar fankar mai walda ya yi mata hannaye 4 da falatba, aka ɗaure a gefen ƙarfen lagireto, aka cike ratar gefe da soso mai jure zafi. Robobin nan da ake sokawa ta cikin haƙarƙarin lagireto ba mu amfani da su. A kan ramukan hanyoyinmu nauyin fanka yana goga su a jikin bututu har ya huda.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne suwic ɗin zafi, wanda yake jin zafin ruwa ya ba da umarni. Lambobinsa suna rubuce a jikin tagullarsa. Namu mai ƙafa uku ne, mataki biyu: na farko yana haɗawa a 92 ya saki a 87, na biyu yana haɗawa a 97 ya saki a 92. Lambar saki ita ce abin lura, dole ta ɗara zafin buɗewar tamostat. Tamostat ba zai bar ruwa ya sauka ƙasa da 82 ba, to idan aka sa suwic mai saki a 80, da zarar fanka ta tashi ba za ta ƙara tsayawa ba, an koma dairek ta bayan gida. Amfanin mataki biyu kuma, fankokin ba sa tashi tare. Idan suka tashi a lokaci guda sukan fizgi amf 50 zuwa 60, fitila ta dushe, injin ya yi kamar zai mutu a silo.

Akwai tarko a nan ga mai sayen kayan Beljiyam. Suwic ɗin tsofaffin Corolla da Camry a haɗe yake idan ruwa da sanyi, sai ya yi zafi yake rabuwa. Toyota ta yi shi haka ne da nata tsarin rile, wato maɓallin da ƙaramar wuta take kunnawa ya wuce da babba, don idan waya ta tsinke fanka ta tashi. Wanda ya ɗora shi a kan rile na yau da kullum zai ga fanka tana juyi da sanyin safiya, ta kuma tsaya cak daidai lokacin da injin ya ɗau zafi. Irin na motocin Turai, Peugeot da Volkswagen, mai zare M22, a rabe yake da sanyi, shi ne ya dace da wannan aikin. Mun gwada shi a tukunya a kan risho da ma'aunin zafi da mita. Kano tana da tudu, ruwa zalla a wajen digiri 98 yake tafasa, ya yi kusa da mataki na biyu ƙwarai, shi ya sa muka zuba ruwan kulan rabi da rabi don zafin ya wuce 100.

Lagireton tsohuwar Hilux na tagulla ne, don haka mai gyaran lagireto ya liƙa mana mazaunin zare da dalma a gefen tankin sama, kusa da inda ruwan zafi yake shigowa, amma can ƙasa-ƙasa. Idan aka ɗora shi sama sosai, ranar da ruwa ya ragu suwic zai tsaya a cikin iska, ba zai ji zafin da injin yake ciki ba. Wanda lagiretonsa na roba da alminiyam ne, sai ya yanka hos ɗin sama ya sa mahaɗin ƙarfe mai zare. In suwic ɗin mai ƙafa ɗaya ne, wanda yake samun at, wato hanyar komawar wuta zuwa batir, ta jikinsa, to mahaɗin yana bukatar wayar at tasa, domin hos roba ne.

Sai wayarin. Kafin komai a cire kan batir na at. Kowace fanka mun ba ta fiyus nata da rile nata, don idan ɗaya ta lalace ɗayar ta kai mota gida. Rile mai ƙafa huɗu ne, amf 40, kuma lambobin ƙafafunsa iri ɗaya ne a ko'ina: 30 da 87 su ne hanyar babbar wuta, 85 da 86 su ne ɗan kwayil ɗin da yake jan ƙarfen ciki. Kwayil ɗin ko kashi ɗaya cikin biyar na amf ɗaya bai cika ja ba, shi ya sa makulli da suwic suke hutawa.

Daga kan batir na layif, mai alamar +, muka ɗauki waya mai kauri 4, wato milimita sukwaya 4, zuwa fiyus na amf 25 wanda bai wuce santimita 20 daga batir ba, daga nan zuwa ƙafa 30. Daga 87 da waya irin ta zuwa layif ɗin fanka. Fiyus waya yake karewa, ba fanka ba. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da kariya, idan ta goge a jikin ƙarfe gobara ce. Mun zaɓi 25 don ya jure fizgar tashi, kuma har yanzu yana ƙasa da abin da waya mai kauri 4 take iya ɗauka. Idan aka samu rile mai ƙafa biyar, ta tsakiya 87a ce, a bar ta babu komai. Tana da wuta ne lokacin da rile yake hutawa, wanda ya kai fanka can zai tarar tana juyi mota a kashe har batir ya mutu.

Kaurin waya lissafi ne. Waya mai kauri 1.5, tsawon mita 4 zuwa da dawowa, idan amf 20 ya bi ta cikinta kusan bolt ɗaya take cinyewa ta mayar da shi zafi. Mai kauri 4 a wannan tsawon kusan sulusin bolt take ci. Fankar da aka rage wa bolt ɗaya iskarta tana raguwa yadda hannu zai ji. Sannan kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa rufin tagulla. A kankare silin ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a mayar wa mai ita. Ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla, kuma tana karyewa a bakin mahaɗi saboda girgiza. Araha ba ta ado. Mu tsohon wayarin motar Beljiyam muka saya muka zare masu kaurin ciki, tagulla ce zalla kuma rigarta ta jure zafin inji.

At ɗin kowace fanka ma kauri 4 ne, domin wutar da ta tafi ita ce take dawowa. Mun kai su jikin bodi kusa da batir, aka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, aka ɗaure da wasa mai haƙora, aka shafa giris a kai. Ba a ɗaura at a jikin lagireto. A kan roba yake zaune, wutar za ta nemi hanya ta cikin ruwa tana cin ƙarfensa. Tsofaffin motocin nan kuma wayar da take haɗa batir da bodi siririya ce, ta yi kore. Mun ƙara sabuwa mai kauri 16 daga batir zuwa bodi, wata daga injin zuwa bodi. Inda babu su, wuta takan bi ta wayar totur ko ta cok, har a taɓa a ji ta da ɗumi.

Ɓangaren umarni siririyar waya mai kauri 1 ta isa. Da tasta muka nemi wayar da take da wuta idan makulli yana kan ON, ta ɗauke lokacin kik. A motoci da yawa layin waifa ko na fankar cikin mota haka yake. Muka sa mata fiyus na amf 5, muka raba ta zuwa ƙafa 86 ta rile biyun. Kada a ɗauka daga kan kwayil ɗin wuta, wasu suna da rezisto a gabansu, wutar wurin ba ta cika 12 ba, sai rile ya yi ta kaɗa haƙora. Ƙafa 85 ta rile na farko ta tafi matakin 92, ta rile na biyu ta tafi matakin 97, ƙafar gama-gari ta suwic kuma ta tafi at. Wasu suna son 86 ta fito daga batir kai tsaye don fanka ta ci gaba bayan an kashe mota. Ba mu ga ribarsa ba. Famfo ya tsaya, lagireto kawai take sanyayawa, ga haɗarin ta tashi hannun yaron gareji yana ciki.

A dashbod mun sa maɓallin hannu don ranar da suwic ya mutu a hanya. Aikinsa ya kai ƙafa 85 zuwa at. Sai dai idan aka haɗa 85 ɗin rile biyun a kan maɓalli ɗaya kai tsaye, sun zama waya ɗaya ke nan, matakan biyu sun rushe. Maganinsa dayod biyu 1N4007, masu barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, ɗaya a kan kowace waya, zoben jikinsa yana fuskantar maɓalli. Maɓallin kashe fanka kuwa mun ƙi sa shi. Direba ya kashe don ratsa ruwan damina, ya manta, gaskit ya ƙone. In ruwan ya kai a ji tsoron fiffike, a tsaya a zare fiyus. Mun kuma sa ƙaramar fitila daga 87 mai nuna fanka tana aiki. A guje za a ga tana ɗan haske ko fanka ba ta tashi ba, iskar hanya ce take juya fiffiken, ba matsala ba ce.

Kowane mahaɗi an matse shi da filayar matsi, an ɗiga dalma, an rufe da robar da take tsukewa da wuta. Murɗe waya da salatif ba ya shekara a ƙarƙashin bonet, gam ɗin yana narkewa. Wayoyin an zura su a cikin tiyon roba, an ɗaure duk bayan taki ɗaya, nesa da bakin salansa da fambel. Inda waya ta ratsa ƙarfe zuwa cikin mota an sa zoben roba. Rile an kafa su ƙafafu suna kallon ƙasa, don ruwan wanki kada ya kwanta a ciki.

Gwaji na farko injin a kashe, makulli a kan ON: muka taɓa kowace wayar suwic da at, kowace fanka ta tashi ita kaɗai. Muka sa takarda a gaban giril, ta manne, alamar iska tana shiga ta gaba ta fita wajen injin. Da ture ta ta yi, da an juya wayoyin fankar ne, kuma irin wannan kuskuren a tsaye ba ya nuna kansa sosai, sai a guje iskar fanka ta yi karo da iskar hanya mota ta tafasa. Daga nan aka cika ruwa, aka tayar da injin murfi a buɗe har tamostat ya buɗe kumfa ta gama fita, aka rufe. Fanka ta farko ta tashi allura tana ɗan sama da tsakiya, ta yi kamar minti ɗaya ta tsaya. Don ganin ta biyu sai da muka rufe gaban lagireto da kwali. Tana aiki muka auna tsakanin kan batir da layif ɗin fanka, bambancin bai kai rabin bolt ba. Muka taɓa gidan fiyus da ƙafafun rile. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma wurin da ya ƙona yatsa mahaɗinsa sako-sako ne, kuma nan ne zai narke.

A nan altaneta ta nuna gazawarta. Injin a silo babu kaya, mita tana nuna 14.1. Da aka kunna manyan fitilu, waifa da fankokin biyu, ta sauko ƙasa da 12.5, wato batir ne yake ciko. Lissafin ba wuya: fankoki amf 22, manyan fitilu kusan 10, ƙananan fitilu da wutar injin da waifa wajen 10. Altanetar da take kai amf 45 aka rubuta mata, kuma wannan sai injin yana gudu, a silo da ƙyar take ba da rabinsa. Cunkoson dare kuwa shi ne lokacin da ake bukatar komai a tare. Mun canja ta da mai amf 80 mai regileta, wato abin daidaita caji, a ciki, muka cire tsohon kat'awut na waje, muka ƙara waya mai kauri 10 daga bayanta zuwa batir da fiyus nata. Bayan haka da dukkan kaya a kunne ba ta sauka ƙasa da 13.5 ba.

Idan daga baya fiyus yana yawan yankewa a daidai tashi, bush ɗin fankar ne ya fara kamewa, a auna amf ɗinta kafin a yi tunanin ƙara girman fiyus, balle a naɗa masa silin waya. Idan fanka ba ta tsayawa, a zare wayar suwic: ta tsaya, laifin suwic ne ko lambarsa, ba ta tsaya ba, rile ne ya manne ko wayar 85 ta goge tana taɓa bodi. Idan ba ta tashi da kanta amma maɓallin hannu yana tayar da ita, a fara duba yawan ruwa kafin a zargi suwic.

Masu Canter da sauran motocin batir biyu, tsarin haɗin ɗaya ne, sai dai fanka da rile da fitila duk su zama na bolt 24. Amf ɗin rabi ne, don haka fiyus ma ya ragu daidai da abin da mita ta nuna. Kada a saci 12 daga batir ɗaya don a yi amfani da fankar ƙaramar mota. Wanda ake ja daga gare shi ba zai cika ba, ɗan'uwansa kuma caji zai yi masa yawa, duka biyun su mutu da wuri. A irin waɗannan manyan masu ɗaukar kaya mai nauyi a doguwar hanya, ba ma cire fankar injin. Idan kulocinta lafiyayye ne, iskar da take ja lokacin da injin yake gudu ta fi ta lantarki nesa. Abin da muke yi shi ne a gyara kulocin, a ƙara fankar lantarki mai turawa a gaban lagireto don cunkoso, da suwic da rile da fiyus kamar yadda aka yi wa Hilux ɗin. Fankar gaba dole fiffikenta ya zama na turawa tun asali, ko a juya fuskarsa tare da wayoyin. Juya waya kaɗai yana sa ta juya baya, amma iskar da za ta bayar kaɗan ce.